Ɗaura madabod a kesin na gwanjo: ƙafafu shida, ramuka tara

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin. Na tara kayan kwamfuta don aikin zane na makaranta, AutoCAD ne yawanci. Madabod ɗin, wato babban allon da ake jona sauran kayan a kansa, B450 ne babba, furosesa Ryzen, da ram guda biyu. Kesin ɗin kuwa na gwanjo ne, babu komai a cikinsa sai fanka ɗaya a baya da pawa fak, akwatin da ke raba wa kayan wuta. Da na buɗe na tarar da 'yan ƙafafun tagulla guda shida a ɗaure a jikin farantin, shi kuma bod ɗin ramuka tara gare shi. Wanda ya sayar min ya ce ba komai, in shimfiɗa soson nan da ya zo cikin kwalin bod a ƙasa, in ɗaure inda sukuru ya kama, sauran in bar su. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa ban taɓa komai ba tukuna. Yaya zan yi?

Mai Gyara na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, shida ma suna riƙe bod. Kwamfutoci nawa ke aiki a garin nan da sukuru huɗu kacal? Sa sosonka ko ɗan kwali a inda babu ƙafa don kada bod ya lanƙwashe, ka ɗaure, ka kunna.

Baba Injiniya, Tudun Wada:
Ɗana, dakata tukuna, kada ka ɗaure komai. Oga na Sabon Gari, ka yi haƙuri zan saɓa maka. Ni ba ukun da babu ne suka dame ni ba. Shidan da ke akwai nake tsoro.

Juya bod ɗin ka dubi bayansa. Za ka ga tsinin dalma barkatai, da siraran layukan jan ƙarfe da wuta ke bi. Farantin kesin kuwa ƙarfe ne zalla. Aikin ƙafafun tagullan nan shi ne su ɗaga bod sama da farantin kamar milimita 6, yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu don kada gindinsa ya taɓa ƙasa. Wuri ɗaya kawai aka yarda ƙarfe ya taɓa bod: bakin ramukan sukuru. Duba su da kyau, kowane rami akwai zoben dalma mai ƙyalli a kewaye da shi, kuma babu wani layi da ya gifta ta wajen. Da gangan aka yi haka.

To ga inda matsalar take. Bod ɗinka babba ne, irin ATX, tsarin da Intel ta fito da shi a 1995, milimita 305 da 244. Akwai ƙaninsa microATX, 244 da 244, sai Mini-ITX mai 170 da 170. Yawancin ramukansu sun zo ɗaya, amma ba duka ba. Kesin na gwanjo mai ƙafafu shida, a mafi yawan lokuta ƙaramin bod ne ya fita daga cikinsa, kuma microATX yana da ramuka a layinsa na ƙasa waɗanda babban ATX ba shi da su. Idan aka bar ƙafa a irin wannan wurin, ka kawo naka ka ɗora, kanta zai tokari tsinin dalma a ƙarƙashin ramukan kati. Ba za ka gan ta ba domin bod ya rufe ta. Kana kunnawa wuta ta haɗe da jikin kesin.

Ɗalibin Samaru:
Allah ya ƙara girma Baba. To yaya zan gane wacce ke daidai da wacce ba ta daidai ba?

Baba Injiniya, Tudun Wada:
Da farko haska farantin da tocila. Kesin da yawa suna da haruffa a buge kusa da ramukan: A na ATX, M na micro, I na ITX. Idan babu, samo takarda mai faɗi, ka ɗora bod a kanta, ka zura fensir ta kowane rami ka yi alama, ka huda. Sai ka shimfiɗa takardar a kan ƙafafun. Duk ƙafar da ba ta leƙo ta huda ba, kwance ta. Lissafin mai sauƙi ne: ƙafa nawa ka ɗaura, sukuru nawa ka sa. In ka gama aiki sukuru sun gaza yawan ƙafafu, akwai wata a ɓoye a ƙasa.

Na Kwangila:
Maganar Baba gaskiya ce, na gani da idona. Ina kula da kwamfutoci a wata cibiyar jarrabawa, kun san tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 aka yi ta shigo da na gwanjo ana canza musu kayan ciki. Akwai wadda aka kawo mana, a kan tebur bod yana tashi lafiya lau, da an mayar cikin kesin sai fanka ta yi wani ɗan motsi ta tsaya. An canza ram, an canza pawa fak, shiru. Da aka ɗaga bod sai ga ƙafa ɗaya tsaye a inda babu rami, har ta bar ɗan tabo a bayansa. Pawa fak ɗin ne ya cece shi, masu kyau suna yanke wuta da kansu da zarar sun ji ta haɗe. Da maras kyau ne da sai dai a ji ƙauri.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Na yarda da batun ƙafar da ta wuce gona da iri, wannan ba gardama. Amma soso fa Baba? Mene ne laifinsa? Ai ba ƙarfe ba ne da zai haɗa wutar lantarki.

Malama ta Kongo:
Oga bari in sa baki kafin Baba ya dawo. Laifinsa na farko zafi. Bayan bod yana fitar da zafi, musamman saitin furosesa da 'yan na'urorin da ke kewaye da ita masu rage mata wuta. Ratar nan da ƙafafu suka bari iska ce ke bi ta ciki. Ka cusa soso a wurin, sannan ka tuna yadda ɗakunan haya na Samaru ke zama a watan Maris da Afrilu, ga shi zane zai yi, aikin da ke sa furosesa gumi. Na biyu, tsinin dalma yana huda soso a hankali, tunda sukuru na danne shi. Kwali kuma ya fi muni, yana shan danshi da damina ya yi laushi. An yi soson nan ne don kare bod a hanya, ba don ya zauna a ƙarƙashinsa shekara da shekaru ba.

Kuma akwai abin da ba a faɗa ba. Zoben dalman nan da Baba ya ambata, ta nan ne bod ke haɗuwa da jikin kesin ya samu at, wato hanyar da wutar da ta ɓace ke bi ta tafi ƙasa. Shi ya sa ni ko jajayen woshan takarda da ke zuwa cikin ledar sukuru ba na sawa.

Baba Injiniya, Tudun Wada:
Malama kin gama magana. Woshan nan gadon zamanin AT ne, tsarin bod da ya gabaci ATX, lokacin 486 da Pentium na farko, sa'ad da muke haɗa ƙafafun roba farare da na tagulla a bod ɗaya, wasu ramukan kuma layi ya matso kusa da su. Bod na yanzu ba ya buƙatarsu.

Mai Gyara na Sabon Gari:
To na janye soso. Amma ku bar ni in faɗi abin da na sani daga shago. Ba kowa ke samun tara cif ba, kuma mai kaya yana tsaye a kanka yana jira. In dole ta sa aka yi da shida, to a san inda za a sa su. Kusurwoyi, sannan ta gefen da babbar waya mai baki 24 take shiga, kusa da ram. Nan ne mutum ke dannawa da ƙarfi, in babu ƙafa a ƙasa sai ka ga bod yana lotsawa, dalma ta tsage ba ka sani ba. Sai kuma ta kusa da ramin katin hoto saboda nauyi. Wannan ra'ayina ne kuma ina nan a kansa.

Amma kai ɗan makaranta ba ka da uzuri. Kowane mai gyara yana da gwangwani cike da ƙafafun nan da muka kwance daga matattun kesin. Shigo da ɗaya daga cikin naka a aljihu don a gwada tsawo da zare, domin ba duka ne ɗaya ba. In ɗaya ta fi sauran tsawo, bod zai karkace.

Ɗan Gyallesu:
Maganar zare ta tuna min. Iri biyu ne a kwamfuta, kuma ido ɗaya suna kama. Akwai 6-32 mai manyan zare, shi ake ɗaure pawa fak da babban hadis, wato faifan ajiyar bayanai, da shi. Akwai M3 mai ƙananan zare, na ƙaramin SSD da na'urar faifai. Ƙafafun bod kuma wani kesin wannan yake ci, wani wancan. Kafin a ɗora bod, a ɗauki sukuru a murɗa shi cikin ƙafar da yatsu kawai. In ya shiga sumul, shi ne. In ya yi zagaye biyu ya cije, ba shi ba ne, kada a tilasta. In aka tilasta, ranar kwancewa ƙafar ce za ta riƙa juyawa tare da sukurun a ƙarƙashin bod, sai an sa filaya ta baya. Ita ma ƙafar a ɗan ƙara mata ƙarfi da filaya ko soket mai lamba 5 bayan an murɗa da hannu.

Ɗalibin Samaru:
Na yi gwajin takardar yanzu. Biyar sun fito ta huda, ɗaya ba ta fito ba, tana can saitin ramin kati na ƙasa. Na kwance ta na mayar inda aka rubuta A. Saura uku ke nan zan nemo gobe in sha Allah. Tambaya ta biyu: in fara ɗaure bod sannan in sa furosesa da fanka, ko kuwa?

Malama ta Kongo:
A waje za ka yi su, a kan kwalin bod ɗin. Ryzen ɗinka na soket AM4 ne, 'yan filolin suna jikin furosesar, sirara kamar gashi, don haka ɗaga sandar soket, ka daidaita ɗan alwatikan zinare da ke kusurwa da na jikin soket, ka sake ta ta faɗa da kanta. In ba ta zauna ba, ba a dannawa, ɗagawa ake yi a sake dubawa. Fankar da ke zuwa da ita yawanci sai ka kwance robobin nan biyu na gefen soket, ta ɗauru a farantin da ke bayan bod. Idan bod na tsaye a cikin kesin, kana kwance robobin farantin ya zame ta baya. A kan kwali kuwa yana nan a danne. Ram biyu kuma rami na biyu da na huɗu daga furosesa, amma ka duba littafin bod ka tabbatar.

Tun yana kan kwalin ka gwada shi. Sa waya mai baki 24 da mai baki 8, ka haɗa allo, ka taɓa 'yan ƙusoshi biyu na makunni da bakin sukundireba. In Ryzen ɗinka babu harafin G a ƙarshen lambarta, ba za ta ba da hoto ta jikin bod ba sai da kati. Amfanin gwajin shi ne, in ya tashi a waje ya ƙi tashi a ciki, ka san wajen ɗaurawa ne, ba kayan ba.

Na Kwangila:
A kan kwali fa aka ce, ba a kan ledar nan mai ƙyalli ba. Mutane suna ganin tunda a cikinta ya zo ita ce mafi aminci. Ledar tana da ɗan sinadarin ƙarfe a jikinta, an yi ta ne ta kare abin da ke ciki. Ba a kunna bod a kanta.

Ɗan Gyallesu:
Ni dai maganar igiyar hannu ta hana wutar jiki lalata kaya da ake ta yi a bidiyo ban yarda da ita ba. Ina haɗa kwamfuta ban taɓa sawa ba, kuma ba abin da ya mutu.

Baba Injiniya, Tudun Wada:
Ɗana na Gyallesu, da wane lokaci kake haɗawa? Da damina iska na da danshi, wutar jiki ba ta taruwa sosai. Amma yanzu hunturu muke, leɓe na tsagewa. Ba ka taɓa cire rigar sanyi cikin duhu ka ji tas-tas har ka ga tartsatsi ba? Ko ka tashi daga kujerar roba ka taɓa ƙofar ƙarfe ta ɗan harbe ka? Kafin mutum ya ji wannan harbin, wutar ta kai wajen bolt 3000. Akwai 'yan na'urori a jikin bod da ƙasa da bolt 100 ke illata su. Wato wadda za ta yi ɓarna ba lallai ka ji ta ba. Kuma ba kullum take kashewa nan take ba, wani lokaci rauni take bari, bayan watanni USB ɗaya ya daina aiki ko kwamfuta ta riƙa daskarewa, a ɗora wa wutar gari laifi.

Ban ce dole sai igiya ba. In akwai, a maƙala ta a ƙarfen kesin inda babu fenti. In babu, cire rigar sanyi, sauka daga kan kafet, bar kujerar roba, yi aikin a teburin katako, ka riƙa taɓa ƙarfen kesin kafin ka ɗauki kowane abu. Bod a riƙe shi ta gefe. Abu ɗaya nake roƙo: kada wani ya ɗaura wayar lantarki tsirara a hannunsa ya ce ya yi igiya. Ta gaskiya akwai rezisto mai megom 1 a cikinta, don in aka yi kuskure aka taɓa wuta kada ta bi ta jikin mutum da ƙarfi.

Ɗan Gyallesu:
Na ji Baba. Amma a bidiyon cewa suke a bar filogi a bango a kashe makunnin bayan pawa fak, wai don kesin ya samu at. Wannan fa?

Baba Injiniya, Tudun Wada:
Su can sun tabbata ramin at na soket ɗinsu a haɗe yake da ƙasa. Gidajen haya nawa ne a Samaru ko Hayin Dogo za ka rantse an binne sandar at? Wasu waya biyu kawai aka ja, wasu ma an juya mai wuta da maras wuta. Ga janareta da ake jonawa yadda aka ga dama. A nan cire filogi gaba ɗaya ya fi, ka danna makunnin gaba na 'yan daƙiƙu ragowar wuta ta fita. Ka sani muddin filogi na ciki kuma makunnin baya a kunne, akwai bolt 5 da ke yawo a bod ko kwamfuta a kashe take. Sukuru ya faɗo a kai a wannan halin, an yi ɓarna.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Wannan batu na at shi ne ke sa mutane su kawo min kwamfuta su ce tana shokin in sun taɓa bayanta babu takalmi, wai bod ne ke taɓa jiki. Yawanci ba bod ba ne. Pawa fak yana zubar da 'yar wuta kaɗan ta wayar at, in babu inda za ta bi sai ta zauna a jikin kesin. Mai wayarin za a kira, ba mu ba. Sannan ɗan makaranta, tunda pawa fak ɗin gwanjo ne, leƙa bayansa. In akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230. Waɗanda suka fito daga Amurka a 115 suke zuwa, kuma ƙara ɗaya za ka ji.

Na Kwangila:
Kuma ka yi sa'a kesin ɗinka na gama-gari ne. Masu sayen fankon HP ko Dell na ofis don su sa wani bod a ciki su ne ke shan wahala. Da yawansu ramukan ba su bi tsarin ATX ba, wayar makunnin gaba tasu ce ta daban, pawa fak ma haka. Kada a ɗauki dirila a ce za a huda sabon rami alhali kaya na ciki, garin ƙarfen da zai zuba ya ishe ka.

Ɗalibin Samaru:
Na samo ukun, tsawonsu ɗaya da nawa. A kan kwali ya tashi, na ga BIOS, shafin saiti na bod, a allo, alhamdu lillahi. Yanzu zan saka shi ciki. Akwai wani abin lura?

Malama ta Kongo:
Kwantar da kesin a kan tebur. Fara da siririn farantin baya mai ramukan USB, daga ciki ake danna shi har kusurwa huɗu su yi ƙas, kuma ka yi hankali bakinsa na yanka. Ramukan sauti su kasance ta ƙasa, wajen ramukan kati. Zaro wayar furosesa mai baki 8 ta kusurwar sama tun yanzu, in bod da fanka suka zauna hannu ba ya shiga wurin. Kada ka ruɗe ta da mai 6 da 2 ta katin hoto, ba ɗaya ba ne.

Sai ka shigar da bod a karkace, bakin USB ya fara shiga farantin, sannan ka saukar da shi a hankali. Kada ka ja shi a kan ƙafafun, suna kankare layi. Kafin ka sa sukuru ko ɗaya, zagaya baya ka leƙa kowane rami. Farantin yana da 'yan harsuna na ƙarfe da ya kamata su kwanta a saman ramukan, amma sukan lanƙwashe su shige cikin na intanet ko HDMI ko USB. In ba ka gani yanzu ba sai ka kwance komai daga baya.

Baba Injiniya, Tudun Wada:
Farantin zai riƙa turo bod baya kaɗan, ramuka su ƙi daidaita. Tura shi da hannu ɗaya ka sa na tsakiya tukuna. Sa duka tara sako-sako, sannan ka bi su kusurwa da kusurwa kana ƙarasawa. Da ka ji sukuru ya tsaya, ka tsaya. Yatsu uku a kan sukundireba sun isa. Mai maganaɗisu a baki ba ya cutar da bod, ya ma fi, don ba ya yar da sukuru. Abin da ke cutarwa shi ne mai cinyayyen baki da zai zame ya karce layi. Nemi mai tauraro lamba 2.

Mai Gyara na Sabon Gari:
In za ka danna babbar waya, sa yatsa a ƙarƙashin gefen bod ka tallafe. Kafin ka jona wuta, ɗaga kesin ka ɗan girgiza kusa da kunne. In ka ji wani abu na yawo, sai ka nemo shi.

Ɗalibin Samaru:
Ya tashi a ciki. Tara na ɗaura, tara na ƙirga. Harshe ɗaya ya so shiga ramin intanet, na gan shi kafin in ɗaure na ɗaga shi sama. Sai dai 'yar fitilar hadis ta gaba ba ta kamawa, makunni kuwa yana aiki.

Na Kwangila:
Juya wayarta kawai. Makunni ba ruwansa da gaba ko baya, amma fitila tana da mai ƙari da mai ragi. Duba bayan ɗan baƙin kan wayar, akwai ƙaramin alwatika, wannan ɓangaren shi ke zuwa kan ƙusar da aka sa wa alamar ƙari. Cire filogi kafin ka sa hannu.